'Yan Dambe a Kabet ɗin Amarya

Cikin duk shekarun da na yi a shagon Alhaji Ɗanbaba, ranar da har yau ba ta fita raina ba ita ce ranar da wata mata ta shigo ta ce in ba ta wasan talabijin ja. Ba ta ce na dambe ba, ba ta ce na ƙwallo ba. Ja kawai ta ce. Ku da ke sayar da waya a bakin tasha kun dame ni in ba ku labarin yadda munka yi sana'ar ga tun tana rarrafe, to ga shi na rubuta da hannuna. In kun ga baƙi ya karkace ku wuce, sai da furfura ta cika mini kai na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ba gyara na ce ku yi mini ba.

Abin ya faru 'yan shekaru bayan an yanke mu daga Sakkwato an ba mu jiharmu. Alhaji Ɗanbaba ƙanen marigayi mijina ne. Shagonshi na cikin kasuwar Jega, shina sayar da rediyo da tocila da batir, sai wata tafiya da ya yi Legas ya dawo da injin wasa. Bari in yi bayani don yaran yanzu. Wani ɗan akwati ne na roba, a jona shi ga talabijin, a cusa mishi kaset a ka, sai wasa ya fito. Akwai abin riƙewa guda biyu masu igiya, hannu munka ce musu. Kaset ɗin kuma ba irin na waƙa ba ne, ba zare ciki, kamar sabulun wanki yake, da launi iri-iri, da hoto manne a gaba. In kaset ya ƙi kamawa sai a cire a hura mishi iska a mayar. Wannan shi ne dukan gyaran da munka sani.

Yadda anka yi tsohuwa ta shiga wannan aiki kuwa, ba don gwaninta ba ne. Alhaji ya ɗauki samari sun fi a ƙirga, kowane sai a iske shi riƙe da hannu, baki buɗe, mai saye na tsaye shina sallama har ya gaji ya tafi. Ni ina sayar da kunu a rana ƙofar shagon. Wata rana ya dube ni ya ce, matar yaya, ke ce kaɗai a garin ga wadda wannan abu bai burge ba, shigo ki zauna. Na ce mishi ba don ina son shi ba na shigo, don inuwa ce. Ya sa mini kujera da fanka. Aikina shi ne in tsare layin masu biya su yi wasa a shago, in sayar wa masu saye su kai gida, in kuma gaya mishi abin da zai sawo in zai yi tafiya.

Wannan na ƙarshen shi ne babban aikin, kuma shi na ɗauka da gaske. Tunda ba ni karatu a lokacin, sunan da ke jikin kaset bai dame ni ba. Zama na yi na riƙa kallon talabijin ina kallon fuskar masu wasa, har na raba wasannin gida-gida. Na kawo kwanoni daga ɗakina na jera ƙarƙashin tebur. Kwano ɗaya na dambe, inda ƙatti biyu ke naushin juna har ɗaya ya faɗi. Ɗaya na ƙwallo. Ɗaya na gudun mota. Ɗaya na tsalle-tsalle, inda wani ɗan gajere ke gudu shina tsallake rami shina tsintar abin da ba nashi ba. Ɗaya na harbi. Sai na ƙarshe, na jera bulo, wanda ba mutum ba dabba, bulo ne kawai ke faɗowa daga sama kana gyara mishi zama. Wanga na bulo ba mai taɓa shi, sai wani malamin makaranta da ke zuwa in ba kowa, shina waige-waige.

Kuma ba kallon banza ni ke yi ba. Na gane wasan da anka yi wa ihu ba lallai a saye shi ba. Na harbi ana ihu, amma kwana kaɗan an ƙoshi. Wasan da ke fita shi ne wanda mutum zai tashi shina huci, ya tafi, ya dawo ya ce a sake. Na gane na mutum biyu ya fi na mutum ɗaya tafiya, don ɗan Jega ba ya jin daɗin cin nasara in ba wanda zai yi wa dariya. Na gane lokacin damina kasuwa na kwanciya, kowa na gona, in anka kwashe albasa a Aliero sai aljihu ya yi nauyi. Duk ranar kasuwa da yamma Alhaji zai zo ya leƙa kwanonin, in gaya mishi wane ya yi ƙasa, wane ke nan kamar an binne shi. Sau da yawa abin da na faɗa shi ke faruwa, har ya fara yi mini kirari gaban mutane, ni kuma ban hana shi ba.

To, shekarar da ni ke ba ku labari albasa ta yi kyau. Alhaji na da gona wajen Aliero, ya sayar da abin da ya noma duka, ya zo ya tsuguna gaban kwanonina ya ce wannan karon babbar tafiya zai yi, in faɗa mishi gaskiya tsakanina da Allah. Na ce ya cika mota da na dambe da na ƙwallo, ya ƙara na mota kaɗan, ya sawo injuna da yawa don wannan Sallah kowane mai hali zai so ya kai gida. Na ce ko kyauta anka ba shi na bulo kada ya karɓa. Ya tafi ya yi yadda na ce, sai dai na bulo da ɗan kasuwar can ya cusa mishi kwali guda a kan dole, wai ba a sayen nama ba ƙashi.

Kayan sun iso lafiya. Ba mu gama kwance kwalaye ba taransifomar da ke ba gefenmu wuta ta yi ƙara ta ƙone.

Da farko mun ɗauka abin kwana biyu ne. Anka ce an rubuta takarda, anka ce an tafi Birnin Kebbi, anka ce ana hanya. Azumi ya zo ya wuce, Sallah ta zo ta wuce, ba wuta. Janareto a lokacin sai gidan manya, ga wahalar mai. Wa zai sayi injin wasa ya kai gida ya zauna shina kallon baƙin gilashi? Samarin da ke cika mana shago sunka koma ƙwallon ƙafa ta gaske a fili. Ni da kwalaye munka zauna muna kallon juna, fankar ma ta tsaya.

Alhaji mutum ne mai kunya, bai iya faɗa mini magana kai tsaye. Sai ya riƙa kewaye. Yau ya ce wani tela na neman rabin shago haya. Gobe ya ce telan nan mutumin kirki ne, keken ɗinkinshi ba ya son wuta. Jibi ya tambaye ni lafiyar ɗana da ke Maiyama, wai ya ji ya gina sabon ɗaki. Na ce mishi, Ɗanbaba, in kora ce ka kore ni da baki, ka bar zagaye kamar akuya a turke. Sai ya sunkuyar da kai ya ce in Babbar Sallah ta zo kayan ga ba su motsa ba, zai kai su Sakkwato ya zubar ko nawa anka ba shi, tela ya shigo.

Ku fahimci abin da wannan ke nufi gare ni. Ba yunwa zan yi ba. Ɗana ya daɗe shina roƙo in koma wurinshi, matarshi kuma ɗiyar mutunci ce. To mutuncin nan shi ni ke tsoro. A shimfiɗa mini tabarma a inuwa, a kawo mini fura, in na ɗauki tsintsiya a karɓe, in na tashi a ce Inna zauna. Na ga tsofaffin da anka yi wa haka, shekara guda sun fara magana da kaji. Ni kuwa na saba da kasuwa, na saba in faɗi magana babban mutum ya shiga mota ya tafi Legas a kanta.

Ana cikin haka matar nan ta shigo. Hajiya Tumba sunanta, daga Jiga Birni, mijinta dillalin albasa ne, kuma ko ba a faɗa ba hannunta ya faɗa, don awarwaro har gwiwar hannu. Ta zauna kan kujerata ba ta tambaya ba. Ta ce za ta aurar da ɗiyarta, tana haɗa kayan ɗaki. Ta ce kwanan baya ta je biki Birnin Kebbi gidan wani ma'aikacin gwamnati, cikin waɗanda anka kawo da sabuwar jiha, ta ga an sa wa amarya talabijin da injin wasa, an jera kaset cikin kabet tsakanin tangaran. Ta ce tun daga can har sunka sauka mota matan ba su yi zancen gado ba, ba su yi zancen kwalla ba, sai wannan. Ita kuwa ba a haifi ma'aikacin da zai fi ta jere ba. In ba ta inji ɗaya da kaset ja dozin guda, don kwanonin ɗiyarta jajaye ne.

Na tambaye ta ko akwai wuta unguwarsu. Ta ce babu. Na ce talabijin fa? Ta ce an saya, an ɗinka mishi riga. Na ce to wa zai yi wasan?

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kwanonin da ke cikin kabet ɗinki, ci kike yi a ciki?”

Gaskiya tun da anka jera mini su ban taɓa zuba ko ruwa ciki ba.

Duk da haka raina bai so ba. Na fara yi mata bayani cewa ja ba iri ba ne, cikin jajayen ga akwai na dambe, akwai na mota, akwai na ƙwallo, in ta bari in haɗa mata mai kyau daga kowane kwano. Ta ce ita ba ta zo karatu ba. Alhaji na bayan kantar shago shina yi mini alama da ido kamar wanda ƙwaro ya faɗa mawa. Haka na durƙusa na juye kwanonina duka a tabarma, aikin da na yi shekaru ina rarrabewa, na hau tsintar ja kamar mai tsintar barkono. Yawanci na dambe ne sunka fito, don su munka fi yawa. Ta ce kuma dole in zo ranar jere da kaina, don ba wanda ya san yadda ake zaunar da injin. Ta ɗauki kaya a kan sharaɗi, in ɗakin bai yi armashi ba za ta maido.

Da ta fita Alhaji ya ce in Allah Ya sa wagga mata ta riƙe kayan ga, wasu za su biyo. Na ce in kuma ta maido gaban matan gari guda, ko Sakkwato sai sun ji labari. Ya ce shi ya sa zan tafi, kuma don Allah in bar bakina a gida.

Ga wanda bai sani ba, jere aikin mata ne na dangin amarya. Su ke zuwa gidan ango kafin a kawo ta, su share, su kafa gado, su jera kwanoni da tangaran, babba ƙasa ƙarami sama. In sun gama sai dangin ango mata su shigo gani, bayansu matan unguwa. Abin da anka faɗa a wannan ɗaki shi za a yi ta maimaitawa a gidajen suna har shekara ta zagayo. Gidan angon a Jega Firchin yake, gidan mahauta ne, su ma gefen da ba wuta.

Na zaunar da injin kan talabijin, na naɗe igiyoyin hannu na ɗaure su da kyau, na jera kaset a tsaye cikin kabet, hoto na kallon waje, jan kwano a hagu jan kwano a dama. Ba don ni na yi ba, ɗakin ya yi kyau. Hajiya Tumba na tsaye tana gyara ɗaurin kallabi.

Sai gwaggon ango ta shigo. Ta girme ni, doguwa, busassa, da sanda, ana ce mata Gwaggo Ige, kuma da ganin yadda mata sunka buɗe mata hanya ka san ita ke yanke magana a gidan. Ta duba gado ta gyaɗa kai. Ta ƙwanƙwasa kwalla da sanda ta gyaɗa kai. Ta iso kabet ta tsaya. Ta matsa har hancinta na taɓa gilashi. Ta ce a buɗe. Ta zaro kaset ɗaya ta kai shi bakin taga.

“Waɗanga ƙattin da ba riga, mi suke yi a ɗakin matar ɗana?”

Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin an kawo amarya da hoton maza tsirara dozin guda ba, ko dangin amarya na da wata magana ne su faɗa a fili. Hajiya Tumba ta juyo ta dube ni, na ga kwalayen nan suna dawowa shago, na ga tela, na ga tabarmar Maiyama.

Alhaji ya ce in bar bakina a gida, amma bakin bai yarda ya zauna ba. Na ce, “Yaya, ba tsirara suke ba, 'yan dambe ne. Ke da kinka tashi gidan fawa, kin taɓa ganin an shiga fili da babbar riga?”

Ta juyo a hankali ta tambayi wace ce wannan. Anka ce mai shagon ce. Ta sake duban kaset ɗin. Ta ce dambe? Na ce dambe, in an kunna su biyu ke fitowa su yi ta yi har ɗaya ya sha ƙasa. Ta ce 'yan wane gari ne. Na ce na ƙasar Sin ne, don haka Alhaji ya gaya mini.

Sai tsohuwa ta jingine sanda. Ta ce a ba ta sauran. Ta riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya tana dubawa, tana tsaki. Ta ce wannan bai naɗe hannu ba, da ganin shi ba a yi mishi wankan magani ba. Wannan ya buɗe haƙarƙari, ubanta da naushi ɗaya zai aika shi. Wannan kuma ƙafa ya ɗaga, ita ba ta son ɗan damben da ke shuri kamar jaki. Ashe ubanta ɗan dambe ne da anka sani har ƙasar Yawuri, mijinta ma ya taɓa, angon nan ma kafin ya yi tumbi ya shiga fili lokacin kaka. Ta tsaya nan tsakiyar ɗakin amarya, ta tanƙwashe, ta miƙa hannun hagu gaba ta ja na dama baya, tana nuna wa 'yan ƙasar Sin yadda ake tsayuwa. Mata sunka fashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa.

Da ta miƙe ta ce wa Hajiya Tumba, ashe kun san gidan da kunka kawo ɗiyarku. Ta ce dangin amarya da yawa na kawo kaya don a ga arzikinsu, amma waɗanga sun kawo abin da ya girmama gadon gidan miji. Hajiya Tumba, wadda ko da wasa wannan bai taɓa zo mata a rai ba, ta sunkuyar da kai ta ce ai sun yi bincike.

Sai dai an samu guda uku cikin jajayen da ba na dambe ba, biyu na mota ɗaya na ƙwallo. Gwaggo Ige ta ware su gefe da bakin sanda ta ce su ba direbobi ba ne, a canza. Ta kuma sa anka sauke tangaran daga layin sama anka hau da 'yan dambe can.

A mota ina komawa kasuwa abin ya zauna mini a kai. Ashe rabon da na yi wa wasanni bai lalace ba, mai saye ne ya canza. Da, ina kallon wanda ke riƙe da hannu. Yanzu mai saye uwar amarya ce, mai yanke hukunci kuma gwaggon ango, kuma su biyun ba wadda za ta taɓa kunna abin. Ɗaya launi take so, ɗaya sana'ar gidansu.

Ban jira ba. Washegari na bar Alhaji da shago na shiga layin masu kwano, na tambaye su wane launi ke tafiya bana, wane kuma sunka yi odar shi don baɗi. Na bi dillalai mata masu shiga gida-gida, na saye su da goro, sunka zayyana mini wa anka kai wa gaisuwa, wa anka sa wa rana, daga Jega har Kimba har Maiyama, da sana'ar kowane ango. Na dawo na sake rabon kaset, kowane iri na ware shi launi-launi.

Ba a daɗe ba sunka fara zuwa, don labarin tsayuwar Gwaggo Ige ya riga ni isa ko'ina. Mace za ta shigo tana buɗe baki in ce mata, ke ce mai kai ɗiya gidan direbobi a Aliero, kwanoninki kore, ga naki na mota na ajiye miki. Sai ta riƙe haɓa ta ce wa ya gaya mini. Gidan mahauta dambe. Gidan direbobi da 'yan kamasho mota. In ango malamin firamare ne ko ma'aikaci, ƙwallo. Gidan maharba da tsofaffin soja na harbi. Manoma ne sunka ba ni wahala, don ba wasan noma, sai na ba su na tsalle-tsalle na ce ga shi nan dai cikin ciyawa yake yini.

Saura kwalin bulo, wanda na ce ko kyauta kada a karɓa. Wata rana wata mata mai sanyin murya ta zo daga Maiyama, ta daɗe tana kallon kaya ba ta taɓa ba. Ta ce ɗiyarta gidan malamai za ta, tana son ta yi mata abin da ake yayi, amma surukin ba ya barin hoton abu mai rai ya kwana gidanshi, ko kalanda sai ya yanke kai. Na jawo kwalin daga ƙarƙashin tebur na busa ƙasa na buɗe. Ba mutum, ba dabba, ba ko tsuntsu, bulo ne ja da shuɗi da rawaya. Ta ce a kai wa malam ɗaya ya gani tukuna. Malam ya juya shi ya juya, ya ce wannan gini ne, gini kuwa ba laifi. Ƙasar ga kun san ba ta rasa gidajen malamai. Kwalin nan shi ya riga na ƙwallo ƙarewa, har anka riƙa haɗa ni da Allah in ajiye musu.

Kafin Babbar Sallah shago ya yi fili, kuma har lokacin ba a kawo wuta ba. Telan ya zo da keken ɗinkinshi a amalanke, don ba wanda ya tuna ya gaya mishi magana ta canza. Alhaji ya ɓuya bayan kanta ya ce in fita in ba shi haƙuri. Na fita na ba shi, har na sayar mishi da kaset biyu, don ashe shi ma shina da ƙanwa da anka sa wa rana.

Da Alhaji zai koma Legas ya zo ya tsuguna kamar yadda ya saba ya ce, matar yaya, mi za a sawo? Na ce mishi shuɗi, don shi masu kwano sunka yi oda. Rabi na mota, don samarin tasha sun samu kuɗi bana, duk sun kai gaisuwa. Na ce ya duba hoto da kyau, kada ya kawo mai mace ba kallabi, kada ya kawo mai kare. Ya ce wasan da ke ciki fa, in ba daɗi? Na ce mishi in ya ga dama ya sawo wanda ba komi ciki. Ya ce a'a, wannan kuma ha'inci ne, wata rana wuta za ta zo. Nan ya fi ni gaskiya, na kuwa ce mishi ya fi ni, sau ɗaya ke nan a rayuwarshi.

Yayin nan bai dawwama ba, ba yayin da ke dawwama. Bayan 'yan shekaru mata sunka koma kan wani abu, mu ma munka bi su. Amma na ci gaba da zama kan kujerar nan har ƙafafuna sunka ce sun gaji, kuma ni na ce zan tafi, ba kora ta anka yi ba.

Abin da ni ke so ku ɗauka, ku da ke zaune kuna lissafin wace waya za ta tafi baɗi, shi ne sanin kaya rabin aiki ne kawai. Na san wasannin nan ciki da waje, amma wuta na ɗaukewa sanin nan ya tashi aiki. Mutanenmu ba su sayen abu don abin da mai ƙera shi ya nufa, suna saye don abin da zai yi musu gaban dangi da surukai da maƙwabta. Kafin ku zuba dukiyarku a kaya, ku tambayi wa zai biya, wa zai gani, wa kuma ke da bakin cewa a fitar da shi daga gida. In ba ku sani ba, ku rufe shagon yini guda ku sayi goro ku je ku gaida tsofaffin unguwa. Sun san abin da za a saya baɗi, sai dai ba wanda ya tambaye su.